Makunni A Hannun Wa Yake? Tambayoyinku Kan Mata A Labaran Kimiyya

Wasiƙun wannan fitowar galibinsu daga Sakkwato da kewaye suka zo, kuma kusan duk a kan abu guda: yadda ake nuna mace a ƙagaggun labaran kimiyya, wato labaran kumbo da mutum-mutumi da duniyar shekaru ɗari masu zuwa. Mun taƙaita dogaye, mun haɗa masu kama da juna. Masu amsawa malaman adabi ne da masu rubutun fim, sai wani injiniyan lantarki da muka jawo saboda wasiƙar Wurno.

Assalamu alaikum. Ni da ƙannena muna yawan kallon fina-finan Indiya na mutum-mutumi. Abin da na lura, in anka ƙera namiji sai ya zama soja ko gwanin ilimi, in anka ƙera mace sai ta zama kyakkyawa mai hidima. Mi ya kawo haka?
*Ɗalibar jami'a, Mabera*

Wa alaikumus salam, Malama. Idonki bai yaudare ki ba, kuma abin ya girmi fina-finan Indiya nesa ba kusa ba.

Ɗauki Enthiran na 2010, wanda aka fi sani da Robot. Dakta Vaseegaran ya ƙera Chitti da nufin miƙa shi ga sojoji. Chitti yana haddace littafi cikin ƙiftawar ido, yana tarwatsa 'yan daba, har haihuwa ya karɓa. Sana kuwa, budurwar Daktan, ɗalibar likitanci ce, amma karatun nata bai warware matsala ko ɗaya ba. Aikinta a labarin ta zama abin da mutum da na'ura za su yi rigima a kansa, har a sace ta ranar aurenta. Da aka zo kashi na biyu a 2018 aka ƙera mace, Nila, sai aka ba ta matsayin mataimakiyar maigida.

Tun 1927 aka zuba wannan kwano. A fim ɗin Metropolis na Jamus, wani masani ya ƙera na'ura ya ɗora mata fuskar wata baiwar Allah mai suna Mariya, na'urar ta yi rawa ta ruɗa attajirai, ta zuga ma'aikata, ƙarshe aka ɗaure ta aka cinna mata wuta. Daga nan ƙerarriyar mace ta samu hanyoyi biyu kacal: ko baiwa mai cewa to, ko mayaudariyar da dole a hallaka. Ex Machina na Alex Garland ya haɗa duka biyun a gida ɗaya, ɗaya ba ta magana sam, ɗayar kuma da yaudara ta kuɓuta.

Wadda ta fara gano bakin zaren ita ce Mary Shelley, a littafinta Frankenstein na 1818. Masanin ya yi wa halittar da ya haɗa alkawarin zai haɗa mata mace. Ya fara aikin, sai ya tsaya ya yi tunani: in fa ta ƙi yarda da yarjejeniyar da aka ƙulla tun ba a yi ta ba? In ta ƙi mijin? In suka hayayyafa? Nan take ya yayyaga ta kafin ta buɗe ido. Abin da ya tsorata shi ke nan, macen da za ta iya cewa a'a.

Saboda haka duk lokacin da kika ga ƙerarriyar mace a fim, ki tambayi abu uku. Wa ya ƙera ta? Makunninta a hannun wa yake? Wa ke da ikon goge abin da take tunawa? In amsoshin duka suka faɗa kan namiji guda, kyawunta da ƙarfinta ado ne kawai.

Dalilin kuwa na kasuwa ne kafin ya zama na tunani. Mujallun irin waɗannan labarai a Amurka, waɗanda suka soma da Amazing Stories a 1926, samari suka ɗauka a matsayin masu saye, har ta kai bangon da yawa daga cikinsu ya koma hoton mace cikin 'yar ficiciyar sutura a hannun dodo. Masu rubutu da masu zuba kuɗi galibi maza ne, suka gaji wannan kwanon suka ci gaba da miƙa shi. Ya ma fito daga allo ya shiga wayarki: a 2019 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto tana sukar yadda ake ba manhajojin amsa umarni irin su Siri da Alexa murya da sunan mace, masu amsa zagi da tattausan lafazi.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan hoto. Shehu Usmanu a Nurul Albab ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya ce sun ɗauke su kamar kayan aikin gida, a yi ta amfani da su har su fashe a jefar a juji. Mace mai makunni a ƙeya ita ce wannan kwatancin da aka yi wa fenti.

Gaskiya ina ganin an wuce wurin. Yanzu kowane fim sai ka ga mace ɗaya ta naushe ƙarti goma. Mi kuma ake nema?
*Mai gyaran waya, Runjin Sambo*

Malam, ka yi gaskiya a rabin zancen. An daina ganin mai ihu a kusurwa kamar da. Amma ƙarfin dantse daban, iko daban. Dogarin sarki ya fi sarki ƙarfi, ka taɓa jin an kai masa ƙara ya yanke hukunci?

Duba The Matrix na 1999. Trinity ta riga Neo sanin komai, ita ta nemo shi, ta fi shi ƙwarewa a farkon fim. Kafin a tashi shi ne zaɓaɓɓe, ita kuma babban abin da aka yi mata bushara da shi shi ne za ta so zaɓaɓɓen. An maimaita wannan zubi ba adadi: a kawo gwana ta horar da sabon shiga, da ya iya sai ta koma gefe tana tafa masa. Gimbiya Leia ta Star Wars shugabar 'yan tawaye ce tun 1977, amma a fim ɗin 1983 aka sa mata sarƙa a wuya da suturar da ba ta kai a kira ta sutura ba. Adalci ne a faɗa cewa da wannan sarƙar ta shaƙe wanda ya ɗaure ta, sai dai ka tambayi masu sayar da fosta wane hoton ya fi fita.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne inda babu duka babu zagi. A Passengers na 2016, kumbo ya ɗauki fasinja 5,000 cikin dogon barci, tafiyar shekara 120. Na'urar wani mutum ta lalace ya farka saura shekara 90. Kaɗaici ya ishe shi, bayan shekara guda ya zaɓi wata mace mai barci ya tashe ta, ya ɓoye mata cewa shi ne, alhali ya san ya yanke mata hukuncin tsufa da mutuwa a hanya. Fim ɗin ya ƙare da soyayya. Ka cire kumbon ka sa ƙauye, sunan wannan abu auren dole.

Yanzu kwatanta da Alien na 1979. A farkon fim Ripley ba ta ɗaga bindiga ba. Abokan aikinta sun dawo da wani da baƙuwar halitta ta manne masa a fuska, kyaftin ya ce a buɗe ƙofa, ta ce ba ta buɗewa, dokar killacewa awa 24 ce. Wani ya zagaye ta ya buɗe, kowa ya mutu sai ita. Ikonta a nan sanin doka ne da tsayawa a kai. An ma rubuta ma'aikatan kumbon tun asali ta yadda namiji ko mace duk za su iya hawa kowane matsayi, shi ya sa ba a rataya mata komai na "ga mace" ba.

In kana son gwadawa da kanka, bar ƙirga naushi. Ƙirga sau nawa ta yanke shawarar da ta juya labarin, kuma aka bi.

Ina koyar da Hausa a sakandaren 'yan mata, muna da ƙungiyar karatu ranar Asabar. Ina son hanyar da yara za su auna fim da kansu, ba ni in faɗa musu ba.
*Malama, Bodinga*

Allah ya ƙara basira, Malama. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne na Bechdel, wanda ya fito a wani zanen barkwanci na Alison Bechdel a 1985. Sharuɗɗa uku ne: a samu mata biyu, su yi magana da juna, maganar ba ta namiji ba. Yana da sauƙi, amma ƙaramin kwano ne. Gravity na 2013 ya faɗi wannan jarrabawa, alhali mace ce ta ɗauki fim ɗin daga farko har ƙarshe, galibi ita kaɗai a sararin sama. Wani fim kuma zai ci saboda mata biyu sun yi zancen atamfa na daƙiƙa goma. Ki fara da shi, kada ki tsaya a kansa.

Ga yadda za ki tsara zaman. Ki yanka fim ɗin gida-gida, minti goma kowanne. Fim mai awa biyu zai ba ki gida 12, na Indiya mai awa uku gida 18, wanda ya fi kyau a raba shi Asabar biyu. Ki ja layukan a takarda tun kafin a kunna, ki raba yara rukuni huɗu.

Rukunin farko su riƙe waya biyu da agogon ƙidaya, ɗaya na muryar maza ɗaya na muryar mata, a rubuta daƙiƙoƙin kowane gida. Na biyu su riƙa sa alama duk inda aka yanke shawarar da in ba ita ba labarin zai sauya hanya, su rubuta wanda ya yanke. Na uku su kula da bayanin kimiyya: wa ke bayani, wa ke cewa "ban gane ba". Wannan rukunin ne ke yawan dawowa da abin mamaki, domin sau da yawa mai digirin dakta ce ake sa wa tambayar wauta a baki don jarumi ya samu damar yi wa 'yan kallo bayani. Na huɗu su lura da kyamara a fitowar farko ta kowane tauraro: daga fuska ta fara, daga hannun da ke aiki, ko daga ƙafa ta hau sama a hankali?

Inda lissafi ke lalacewa wurare ne sanannu. Yara za su ƙirga ihu da kuka da waƙa a matsayin magana, sai adadin mata ya kumbura, don haka ki ce sai jimla mai ma'ana. Za su sa muryar kwamfutar kumbo cikin mata, ki ware mata layinta daban, shi kansa darasi ne. In fim ɗin fassarar Hausa ne, ki sani masu fassara suna cusa barkwancinsu, galibi a bakin maza, don haka lokacin magana ba zai zama na asali ba, shawarwari da kyamara ne abin dogaro a nan. Kuma fim ɗaya ba hujja ba ne, ki tara aƙalla biyar kafin ku ce ga abin da kuka gano.

A ƙarshen zama ki yi musu tambayar da marubuciya Kelly Sue DeConnick ta yi da fitila: in an cire jarumar an aje kyakkyawar fitila a madadinta, labarin zai tafi? A Bodinga ki ce kumbon jere. Yara za su yi dariya, sannan su gane bambancin mai tuƙa kumbo da kumbon da ake jerawa a ɗakin amarya.

Kada ki ɗauka wasa ne. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta sha faɗin cewa ganin Uhura, baƙar mace jami'ar kumbo a shirin Star Trek, wanda ya soma a 1966, yana cikin abin da ya sa mata sha'awar.

Ni dattijo ne. Ina tsoron wannan zance aƙidar Turawa ce ake shigo muna da ita ta bayan gida. Ku yi mani bayani.
*Tsohon ma'aikaci, Kanwuri*

Ranka ya daɗe, Baba. Tsoron yana da tushe, domin akwai masu ɗauko rigimar wasu ƙasashe su juye ta a nan ko wankewa ba su yi ba. Amma wannan batun musulma ce tana cikin waɗanda suka fara buɗe shi.

Sunanta Rokeya Sakhawat Hossain, an haife ta a 1880 a yankin Rangpur, cikin Bangladash ta yau, ta girma cikin tsananin kulle. A 1905 ta buga wani ɗan gajeren labari, Sultana's Dream, a wata mujallar mata ta Madras. A cikinsa akwai ƙasar da ke da jami'o'in mata guda biyu. Ɗaya ta ƙera balan-balan mai bututu da ke tatso ruwa daga gajimare, ɗayar ta ƙera na'urar tara zafin rana ana girki da shi ba hayaƙi. Maza suna ta yi musu dariya. Da yaƙi ya zo sojoji suka kasa, matan suka ce za su kare ƙasa bisa sharaɗin maza su shiga kulle, suka juya tarin hasken ranar kan abokan gaba suka kore su. Mazan kuwa ba su sake fitowa ba. Har da zolaya: matan suna gama aikin ofis cikin awa biyu, wai ai dama sauran awannin shan taba da hira maza ke yi.

Ba shawara take bayarwa a kulle maza ba, Baba, madubi ta ɗaga. Abin da ta yi a zahiri shi ne buɗe makarantar 'yan mata musulmi a 1909, ta maido ta Kalkata a 1911. Kuma lura da makamin da ta ba matan: ilimin rana da ruwa. In ka je Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za ka tarar da murhu da na'urar busar da amfanin gona masu aiki da rana, abin da ta yi mafarkinsa shekara 120 da suka wuce.

Sannan kai da ke Kanwuri, taku kaɗan ne tsakaninka da Hubbare, inda Nana Asma'u take kwance kusa da mahaifinta. Ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jaji ta ɗora mata malfa ta tura ta ƙauyuka da waƙoƙin ilimi. Garin da ya ga wannan, in aka kawo masa fim ɗin shekara ta 2200 wanda mace ba ta da aiki sai kawo shayi, ai shi ne aka shigo masa da baƙon abu.

Wai da gaske ne mata sun riƙa ɓoyewa da sunan maza don a karanta su?
*Mai sayar da littattafai, Ƙofar Atiku*

Da gaske ne, Alhaji. Alice Sheldon ta yi kusan shekara goma tana rubutu da sunan James Tiptree Jr., tana cin kyaututtuka. A 1975 fitaccen marubuci Robert Silverberg ya rubuta cewa bai yarda mace ce ba, salon na namiji ne tsantsa. A ƙarshen 1976 asiri ya tonu. Andre Norton sunanta na yanka Alice Mary Norton. Ita ma Ursula K. Le Guin a 1969 wata mujallar Amurka ta nemi ta sa haruffan farkon sunanta kawai don kada masu karatu su gane. An soma ba da kyautar Hugo, babbar lambar yabo ta irin waɗannan labarai, a 1953, mace ba ta ci ta da ƙagaggen labari ba sai 1968, Anne McCaffrey. Abin ya juya sosai daga baya: N. K. Jemisin ta ci kyautar babban littafi sau uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, kuma Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci Hugo da takwararta Nebula da littafinta Binti.

Ina rubuta labari a WhatsApp, Sakkwato ta shekarar 2090, zafi ya ƙaru, ruwa ya koma na awo. Jarumata injiniya ce. Da na kai babi na 12 sai na ga labarin ya koma soyayya da kishi, saurayinta ne ma ke ceto ta. Ina na kuskure?
*Marubuciya, Wurno*

'Yar uwa, tun babi na ɗaya kika kuskure, na 12 shi ya tona. Kin ba ta laƙabin injiniya, ba ki ba ta aikin injiniya ba. Da labarin ya nemi abin da zai ci gaba da shi, sai ya koma ga hanyar da alƙalaminki ya saba.

Aje babin. Ɗauki takarda guda ki rubuta yadda ɗigon ruwa ke tasowa daga madatsar Goronyo ko daga rijiyar burtsatse har ya shiga randar wani gida a Mabera, kuma a kowace gaɓa ki rubuta wa ke riƙe da mabuɗi: mai buɗe ƙofar dam, mai kula da lantarkin famfo, mai rubuta kason kowace unguwa, mai karanta mita, mai hukunta ɓarawon ruwa. Ki ba jarumarki ɗaya daga cikin waɗannan mabuɗai, ɗaya tak, wanda in ta ƙi juya shi gari zai ji a jikinsa. Muna ba ki kyauta: mitocin ruwa suna cikin gidaje, ƙofofin gidaje kuma an rubuta "ba shiga". Ke nan mata kaɗai ke iya karanta su. Duk wadda ke shugabantar waɗannan mata ta fi gwamna sanin gaskiyar ruwan da ya rage. Tsarin jajin Nana Asma'u ne da kayan aikin zamani, kuma babu marubucin waje da zai riga ki ganinsa.

Sai ilimin. Injiniyanmu ya ce ki sa waɗannan a kanta da hannunta. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin farantin sola an auna shi ne a zafin digiri 25. Duk digiri ɗaya da farantin ya haura, yana rasa kimanin kashi 0.4 cikin ɗari. A tsakar ranar Afrilu fuskar faranti tana iya kai digiri 65, an rasa kusan kashi 16 ke nan tun kafin ƙura ta yi nata. Batirin dalma kuwa, duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, shi ya sa wanda ya aje shi a ɗakin kwano ke kuka. Hazo yana rufe faranti, wanke shi kuma ruwa yake ci, ga rikici a shirye: a kashe ruwan sha a wanke farantin da ke jawo ruwan sha, ko a bari? Da asuba ake wankewa, domin ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Sumo kuma, wato famfon da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse, in ruwan rijiya ya ja baya ya ci gaba da juyawa a bushe, ƙonewa yake yi. Jarumar da ta ji ƙarar famfo ta sauya ta ce a kashe yanzu, shugaba ya ce ba a kashewa ana bikin buɗewa, ta kai hannu ta kashe, ba ta bukatar ki sake kiranta injiniya.

Kada ki bar ta ita kaɗai cikin maza. Mace ɗaya a labari takan zama wakiliyar dukan mata, sai marubuci ya ji tsoron ba ta aibi, ta fito lami ba gishiri. Ki sa aƙalla uku masu muradi daban, su yi saɓani a kan ruwa: tsohuwar da ke sayar da kason marayu a ɓoye, mai noman albasa a fadama wadda rufe bututu zai kashe mata shekara, da ita jarumar. In duk rigimar mata a littafin a kan namiji ce, kishiya kika rubuta kika sa mata hular kwano.

Tarkuna biyu da za ki kiyaye. Na farko, kashe uwa ko ƙanwa, ko yi wa jaruma fyaɗe, don kawai a samu dalilin tashin wani. Marubuciya Gail Simone ta tattara jerin irin wannan a littattafan zane tun 1999, ya yi tsawon da ya ba masu sana'ar kunya. Na biyu, nuna ƙarfinta ta hanyar raina girki da aure da sauran mata. Wannan ma cewa ne darajar tana wurin abin maza. Ta yi aure, ta yi goyo, ta so saurayin nata. Abin da ba a so shi ne ya karɓe mata babin ƙarshe. Gyaran ceton kuwa mai sauƙi ne: koma baya babi huɗu ko biyar ki dasa abin da za ta kuɓuta da shi, wata waya da ta gyara, wata mata da ta yi wa alheri. Shi ya iso ya tarar an gama, ko ya riƙe mata tocila.

Ki kuma yi wa al'ada lissafi. Shekara 65 ba ta barin lefe da sadaki da rabon kwana yadda suke. In sun sauya, me ya sauya su? In ba su sauya ba, wa ke tsare su, me yake ci a ciki? Garin da ruwa ya fi zinariya, wataƙila da lita ake yanka sadaki.

Fili a buɗe yake. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, yaro namiji ne ya yi tafiyar sama. Okorafor ta kafa The Shadow Speaker a Nijar ta 2070 da yarinya musulma, ta kafa Noor a arewacin Najeriya. Wanuri Kahiu ta Kenya ta yi ɗan gajeren fim ɗin Pumzi a 2009 a kan duniyar bayan yaƙin ruwa. Ki duba su don ki san inda aka riga aka taka.

Ina zana bangon littattafai. Wani ya ce in zana 'yar sama jannati da matsattsun kaya, wata ta ce in sa mata gyale yana kaɗawa a duniyar wata. Wanne ne daidai?
*Mai zane, Gawon Nama*

Babu ko ɗaya, Malam. A wata babu iskar da za ta kaɗa gyale, kuma wanda ya fita ba rufaffiyar riga zai suma cikin daƙiƙoƙi. Rigar fita waje ƙaramin kumbo ce: ta haura kilo 100 a awon ƙasa, ƙirjinta ƙwarya ce mai tauri, a baya akwai jakar iska da batir, a ciki akwai wata riga mai siraran bututun ruwa da ke sanyaya jiki. Mai kallo ba zai bambance namiji da mace ba sai ta gilashin fuska. Matsattsun kaya da takalmi mai tsini na masu fosta ne.

Abin da ya bambanta shi ne awo, kuma ya taɓa jawo abin kunya. A Maris 2019 NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta shirya fitar mata biyu tare daga tashar sararin samaniya, aka fasa saboda ƙirjin riga matsakaici guda ɗaya ne a shirye, namiji ya maye gurbin Anne McClain. Sai 18 ga Oktoba na shekarar Christina Koch da Jessica Meir suka yi ta, sama da awa bakwai.

A cikin tasha kuwa wando da riga ake sawa, domin inda ba nauyi zane da siket tashi suke yi, dogon gashi ma sai an ɗaure. In kana son musulma, akwai na gaske: Anousheh Ansari ta je a 2006, Rayyanah Barnawi ta Saudiyya a Mayun 2023. Nora Al Matrooshi ta Daular Larabawa, wadda ta gama horon NASA a 2024, ta ba da labarin yadda masu haɗa rigar suka ɗinka mata ɗan hijabi daga yadin da aka amince a shiga riga da shi. Ka zana shi lafe da kai, a ƙarƙashin hular sadarwa mai makirfo. Ka kuma sa mata abu a hannu, sifana ko na'urar ɗaure noti, da igiyar tsaro maƙale a ƙugu, idonta a kan aikin.